Yadda Ake Haɗa Markaɗen 'Ya'yan Itace da Abin Sha Mai Sanyi a Gida

Daga watan Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da hunturu ya janye kuma damina ba ta sauka sosai ba, zafin Akra, babban birnin Ghana, yakan taru da gumin teku har mutum ya rasa inda zai sa kansa, musamman a unguwanninmu irin su Nima, Mamobi da Sabon Zango, inda ɗakuna suke manne da juna ƙarƙashin rufin kwano. A 'yan shekarun nan azumi ma ya faɗo cikin wannan tsakani, shi ya sa kusan kowane gida yake neman abin da zai jiƙa maƙoshi da shi da magariba. Kuskuren da na fi gani shi ne a markaɗa 'ya'yan itace da ruwa mai yawa, a zuba ƙanƙara, sannan idan an ɗanɗana an ji salam a bi shi da sukari. Hanyar da ta fi ita ce a bar 'ya'yan itacen su zama ƙanƙarar da kansu, wato a daskarar da su kafin a markaɗa, domin ta haka ne ake samun kauri da sanyi da zaƙi a lokaci guda ba tare da an tsinka komai ba.

Aikin yana farawa ne tun daga kasuwa. Wanda ya je Agbogbloshie ko kasuwar Malam Atta zai tarar da abarba iri biyu ko fiye, amma wadda ta fi dacewa da sha ita ce doguwar nan mai tsini da ake kawowa daga yankin Cape Coast, wadda cikinta fari ne kuma tsaminta kaɗan ne. Bawonta yakan zauna kore ko da ta nuna, saboda haka kada a yi hukunci da launi. A juya ta a sansana gindinta, idan ƙamshi ya bugi hanci to ta yi. Mangwaro kuwa, ƙananan na gida sun fi ƙamshi, sai dai zarensu yana naɗe wuƙar inji kuma yana maƙalewa a haƙori, don haka manyan nan na gonakin Somanya da Dodowa su ne na markaɗe. Ayaba a zaɓi wadda bawonta ya fara ɗigon baƙi. Irinta ce masu talla suke neman rabuwa da ita da yamma, kuma sau da yawa akan same ta da sauƙin kuɗi, alhali ita ce mafi zaƙi. A guji dai duk abin da ya fashe ko ya fara warin tsami, domin nuna daban, ruɓa daban.

Idan an dawo gida, a wanke komai da ruwa mai tsabta tun kafin a sa wuƙa, har da abarba da kankana waɗanda ba a cin bawonsu, saboda wuƙa tana ɗaukar dattin baya ta shigar da shi ciki. A fere, a yanka gutsi-gutsi kamar girman ɗan yatsa, a shimfiɗa a faranti ba tare da sun hau kan juna ba, a sa a firiza na awa 3 zuwa 4, sannan a kwashe a ƙulla a leda gwargwadon abin da za a sha sau ɗaya. Idan aka zuba su cikin leda tun suna ɗanye, za su dunƙule su zama dutse guda wanda injin gida ba zai iya fasawa ba. Ayaba kuma lallai a ɓare ta tukuna, domin wanda ya taɓa ƙoƙarin ɓare daskararriyar ayaba ba ya sake gwadawa.

Ba za a yi maganar firiza a ƙasar nan a tsallake dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki, ba. Duk wanda ya ga 2015 ya san abin da ɗauke wuta yake yi wa ajiyar mutum, kuma har yau takan tafi ba sallama. Firizar da take cike tana iya riƙe sanyinta har kusan kwana 2 idan ba a buɗe ta ba, wadda take rabi kuwa kamar kwana 1, don haka dabarar ita ce a cike duk gurbin da ya rage da ledojin fiya wata. Su ne za su riƙe sanyin, kuma daga baya su zama ƙanƙarar da aka san asalin ruwanta. Abin da ya narke sarai har ya yi ɗumi, kada a mayar da shi.

Wajen markaɗe, jerin zubawa yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Ruwa ko madara ne suke fara shiga, sai abu mai laushi, sai daskararrun a sama, domin wuƙar ta sami abin juyawa kafin ta haɗu da mai tauri. Ga mutum 2, a zuba kofi 1 na yogot marar zaƙi ko nono mai kyau, rabin kofin ruwa, ayaba 1 da kofi 2 na daskararren mangwaro. A bar 'ya'yan itacen su sha iska na minti 5 bayan fito da su, sannan a riƙa kunna bilenda ana kashewa a taƙaice har ƙarar ta sauya daga ƙwanƙwasa zuwa gurnani, daga nan a bar ta ta yi aiki na kimanin minti 1. Yawancin injinan da ke gidajenmu ƙanana ne, kuma idan aka ji warin waya ya tashi, a kashe nan take a ƙara ruwa kaɗan. Sai an ɗanɗana ake maganar zaƙi. Idan da bukata, dabino 3 da aka jiƙa aka cire ƙwallonsu sun fi cokalin sukari daɗi, kuma matsin rabin lemun tsami yana farkar da ɗanɗanon mangwaro tare da rage saurin baƙin da ayaba take yi.

Akwai haɗi guda da nake jan kunne a kai, domin ni kaina na sha kunya a kansa. Wata rana a cikin azumi na markaɗa abarba da madara tun bayan la'asar, na ɗanɗana wa yarinyar da ba ta azumi ta ce ya yi daɗi, na rufe jug ɗin na sa a firji ina jiran baƙi. Da aka kira salla aka zuba a kofuna, sai ga shi ya rabu gida biyu, ruwa a ƙasa, gudaji a sama, ga ɗaci kamar an jiƙa maɗaci. Yayar mahaifiyata ta kurɓa sau ɗaya, ta ajiye kofin a hankali, ta ce, "'Yata, kawo mini ruwa kawai, Allah ya yi miki albarka." Dalilin shi ne ɗanyar abarba tana ɗauke da wani sinadari mai narkar da furotin, wanda idan ya zauna da madara yakan tsinka ta ya fito da ɗaci, kuma gwanda ma tana da irin nata. Saboda haka idan za a haɗa su da madara, a sha nan take. Abin da ya fi mini shi ne a raba su gaba ɗaya: kofi 2 na daskararriyar abarba, kofi 1 na ruwan ɗanyar kwakwa irin wadda samari suke sarewa a kan baro a bakin titi, da ɗanyar citta kamar rabin babban yatsa. Wannan ba ya bukatar komai kuma.

Kankana, wadda ta yankin Ada ta yi suna a nan, ba ta son madara kuma ba ta son ƙarin ruwa. A cire 'ya'yanta, a markaɗa da lemun tsami da ganyen na'ana'a, shi ke nan. Paya kuwa, wadda 'yan'uwanmu na Najeriya suke kira fiya, kwata ɗaya ya isa ya sa markaɗen ayaba ya yi santsi.

Wanda ba shi da inji, ko wuta ta ƙi zama, yana da sobolo, wato zoɓo. A wanke kofi 2 na busasshen furen sau biyu da sauri don fitar da yashi, a zuba a lita 3 na ruwa tare da bawon abarbar da aka wanke, dakakkiyar citta, kanumfari kamar 10 da kimba 2 da aka fasa. Masu son ƙamshin prekese, wani busasshen ɗan itace mai tsawo da ake sawa a miya, suna jefa ɗan guntu, amma yana da ƙarfi, kuma idan ya yi yawa shi kaɗai za a ji. A tafasa na minti 15 zuwa 20, a sauke a rufe a bar shi ya huce da kansa, sannan a tace da ƙyalle mai tsabta. A yi amfani da tukunyar ƙarfe marar tsatsa (stainless) ko ta tasa mai rufin enamel, domin tsamin zoɓo yana cin tukunyar alminiyam ya bar ɗanɗanon ƙarfe. A sa sukari yana da ɗumi don ya narke, amma a tuna cewa sanyi yana dusashe zaƙi a harshe, don haka a sake ɗanɗanawa bayan ya yi sanyi kafin a yanke shawarar ƙari. Zoɓo yana iya saukar da hawan jini, saboda haka mai shan maganin hawan jini da mai juna biyu su tambayi likita kafin su mayar da shi abin shan kullum.

Kunun aya, wadda Asantawa suke kira atadwe, ya fi duka saurin lalacewa. A jiƙa busasshiyar aya ta kwana, a tsince tsakuwa, a markaɗa da dabino da kwakwa da citta, a tace sau biyu, a kai shi firji kai tsaye. A zafin Maris, awanni kaɗan a waje sun isa ya fara kumfa da tsami, don haka a yi daidai na yini guda. Lamurji ya fi shi haƙuri saboda tsamiyar da ke cikinsa, kuma kowane gida a zango da irin hannunsa wajen yaji.

Idan za a ɗura a robobi don aika wa maƙwabta ko masallaci, a wanke su da sabulu da ruwan ɗumi, a kife su bushe, kuma kada a cika su har baki idan za su shiga firiza, domin ruwa yana kumbura idan ya daskare, ya fasa murfin. A fito da su kamar awa 1 kafin magariba, a nannaɗe su da tawul a cikin kula, yadda za su isa hannun masu buɗa baki da sauran 'yar ƙanƙara a tsakiya.