Kurakuran da muke yi da kalmar "reduce" da yadda za a gyara su

Kalmar "reduce" kusan duk wanda ya zauna a aji ya san ta, ko ɗan firamare ka tambaya zai ce maka ai ragewa ce, kuma gaskiyarsa. Inda gizo ke saƙar shi ne "rage" ɗinmu ta Hausa tana da faɗi sosai, muna rage kuɗi, mu rage murya, mu rage wa mutum hanya, mu rage wa yaro tuwo, har mu ce ya rage naka, sai mutum ya ɗauka duk inda Bahaushe ya sa rage to Bature ma reduce zai sa. Yawancin ɓarnar da ake gani a takardun jarrabawa da wasiƙun neman aiki da saƙonnin WhatsApp daga nan take fitowa.

Wanda ya fi damuna shi ne rikita "reduce by" da "reduce to", don shi ba maki kawai yake ci ba, har asarar kuɗi yana jawowa. "By" tana nuna abin da aka cire, "to" tana nuna inda aka tsaya. A ce kana da shago a Kantin Kwari, atamfa naira 10,000 ce, kana so ka yi ragin sallah. In ka rubuta "reduced by 20%" ka cire 2,000 ke nan, mai saye zai biya 8,000. In kuwa hannunka ya kuɓuce ka rubuta "reduced to 20%" to ka faɗa wa duniya atamfar ta koma 2,000, kuma wanda ya zo da dubu biyunsa yana da gaskiya, kai ka rubuta. Haka in ka ce "reduced by ₦8,000" alhali "to" kake nufi. Abin ya ma fi haɗari a wajen magani. Mara lafiya yana shan ƙwaya uku, likita ya rubuta "reduce to one tablet", ɗaya zai koma sha. In "reduce by one tablet" ya rubuta, biyu zai sha. Dan Allah masu jinyar iyaye a gida ku kula da wannan, in abin bai fito muku sarai ba ku sake tambayar likita ko mai ba da maganin, ba abin kunya ba ne. In kuma kai ne mai rubutun, hanya mafi sauƙi ita ce ka kawo duka biyun, "reduced from ₦10,000 to ₦8,000", shi ke nan ba mai yi maka wata fassara.

Sai maganar rage da ragu. A Hausa mun bambanta su ba tare da mun yi tunani ba, gwamnati ta rage kuɗin mai, kuɗin mai ya ragu. Ita reduce ta fi zama a gefen rage, wato akwai mai yi kuma akwai abin da aka yi wa. "The government reduced the price" daidai ne. "The price has been reduced" ma daidai ne, an rage. Amma "the price has reduced", "the rain has reduced", "my headache has reduced", waɗannan mu muka fi yin su. Ba zan ce haram ba ne, wasu ƙamusoshin sun yarda da irin wannan amfani kuma kowa zai gane ka, sai dai masu harshen ba haka suka fi faɗa ba, kuma a rubutun jarrabawa irin na WAEC da NECO gara ka bi wanda babu gardama a kansa. Farashi in ya ragu da kansa "has gone down" ko "has fallen" ko "has dropped". Ruwan sama ko ciwon kai in ya lafa "has eased".

Daga nan ne kuma aka haifi "you have reduced" da ake ce wa wanda ya rame. Ka haɗu da ƙawarka ko abokinka bayan doguwar jinya ka ce "ah, you have reduced o". A Najeriya za a gane, amma abin da ake cewa shi ne "you have lost weight".

Yanzu ga wuraren da rage take shiga amma reduce ba ta da hurumi sam. Rage murya "lower your voice" ne ko "keep your voice down". Rage rediyo ko fanka ko talabijin "turn it down", duk da cewa "reduce the volume" ba laifi tunda ƙarar ce ka rage ba rediyon ba. Rage min abinci "save some for me" ko "leave some for me", in ka ce "reduce the food for me" mai jin ka zai ɗauka an cika maka kwano ne kana so a kwashe. Rage min hanya "give me a lift". Abin da ya rage "what is left". Ya rage naka "it is up to you". A kasuwa kuma muna cewa rage min, sai mutum ya juya shi kai tsaye ya ce "reduce for me" ko "reduce me", na biyun ma ya fi muni don kai kake cewa a rage. Ka ce "can you reduce the price?" ko "can you give me a discount?"

Akwai kuma masu rubuta wa banki ko wurin aiki ƙorafi su ce "they reduced ₦5,000 from my account". Cirewa daga cikin wani abu "deduct" ce, "they deducted ₦5,000 from my account". In ka ce "they reduced my salary" kana nufin an sauke albashin gaba ɗaya daga yanzu, in kuwa wata ɗaya ne aka yanki wani abu to "deducted from my salary". Wanda zai karanta ƙorafin naka abu biyu daban zai fahimta.

Ni a ganina sanin asalin kalmar yana warware sauran. Daga harshen Latin ta fito, "reducere", "re" na nufin baya, "ducere" na nufin ja gaba ko kai abu wani wuri, wato a mayar da abu inda yake a da. Ta shiga Turanci wajen ƙarshen ƙarni na 14 kuma a lokacin mayarwa ce babbar ma'anarta, daga baya ragewa ta rinjaya. 'Yan uwanta su ne produce da introduce da deduce da conduct, duk "ducere" ɗin nan ce a cikinsu.

Tsohuwar ma'anar ba ta mutu ba, tana nan a asibiti. In likitan ƙashi ya ce zai "reduce the fracture" ba rage karayar zai yi ba, ɗori zai yi, ya mayar da ƙashin mazauninsa, haka ma in kafaɗa ta goce. Mai jinya da bai san haka ba sai ya ga "reduction" a takarda hankalinsa ya tashi ya zaci za a yanke wani abu. Tana nan kuma a kimiyyar sinadarai, kuma nan ɗalibai ke faɗuwa sosai, don suna ganin "reduction" sai su ce ai asarar ilektaron (ɗan ƙanƙanin ɓangaren ƙwayar zarra mai ɗauke da cajin lantarki) ce tunda ragewa ce, alhali samun ilektaron ce. Sunan ya samo asali ne daga aikin narka tama, ana ƙona ta da gawayi a mayar da ita ƙarfe. A lissafi kuwa in aka ce ka yi reduce ɗin 6/8 sai ka rubuta 3/4, darajar ba ta ragu ko kaɗan ba, sauƙaƙa ta ka yi. Masu bin girki a YouTube ma za su ji an ce "let the sauce reduce", ana nufin a bar miyar a wuta ruwan ya tsotse ta yi kauri, kuma ka ga nan wuri ne da reduce take tsayawa ita kaɗai ba tare da an ce an rage wani abu ba.

Sai "reduce to" ta jefa mutum ko abu cikin wani mummunan hali, wadda 'yan jarida ke yawan amfani da ita. "The market was reduced to ashes", kasuwa ta ƙone ƙurmus ta zama toka. "She was reduced to tears", an sa ta kuka. Kuskuren da ake yi a nan shi ne in aikatau ya biyo baya, sai a rubuta "he was reduced to beg", daidai shi ne "reduced to begging", don wannan "to" ɗin irin ta "look forward to" ce, dole abin da ya biyo ta ya ɗauki "ing".

Ƙananan kuma ba sa buƙatar dogon bayani. "Reduce down" maimaici ne, a rubutu ka cire "down". Ana rubuta "reducing" ba "reduceing" ba. Sunan aikin "reduction" ne, ba "reducement" ba. Kuma "a reduction in price" ake cewa, amma "a reduction of 20%", wato "in" ga abin da ya ragu, "of" ga adadin. Wajen furuci a danna gaɓa ta biyu, mutanen Ingila su ce ri-DYUS, na Amurka su ce ri-DUS, kuma ƙarshen "s" ce ba "z" ba.