Yadda Ake Fara Sana'ar Shatar Fasinja da Jirgin Ruwa na Kanka

Duk wanda ya mallaki jirgin ruwa mai inji a yankin Yawuri, Warra ko Malale, ko ba daɗe ko ba jima wani zai zo ya roƙe shi ya kai masa iyali biki a tsallake, ko ya kai shi kasuwa da kayansa, kuma yawanci daga nan ne tunanin mayar da abin sana'a yake farawa. Shata ta bambanta da lodin tasha. A lodi kowane fasinja yana biyan kuɗin kujerarsa, matuƙi kuma shi ne mai iko da jirginsa. A shata mutum ɗaya ne yake biyan kuɗin tafiyar baki ɗaya, saboda haka yakan ɗauka cewa jirgin ya zama nasa har a dawo. Yawancin sababbin shiga da na gani sun durƙushe, a kan wannan bambanci suka durƙushe, alhali sun iya tuƙi kuma injinsu lafiyayye ne. Ba zan tsaya kan koyon tuƙi ko iyo ba, domin wanda bai iya su ba bai kai ga karanta wannan bayani ba tukuna.

Mataki na farko shi ne ka san ainihin nauyin da jirginka yake ɗauka, kuma ka san shi da gwaji. Kada ka dogara da maganar kafintan da ya ƙera shi ko mutumin da ya sayar maka, domin kowannensu yana da dalilin ƙara adadi. Ka sa jirgin a ruwa mai kwanciya kusa da gaɓa, ka ɗora injin da jarkokin mai a cike, sannan ka riƙa ɗora buhunan yashi ko na hatsi waɗanda ka san nauyinsu, kana duba yadda gefen jirgin yake nutsewa. Ni ba na yarda tazarar da ke tsakanin ruwa da bakin jirgi ta gaza kamu ɗaya, daga gwiwar hannu zuwa yatsa, a wurin da gefen ya fi ƙasa, domin igiyar ruwan tafkin Kainji idan iska ta taso ba irin ta ƙaramin rafi ba ce. Inda ruwa ya tsaya, ka ja layi da jan fenti a gefe biyu. Ka raba nauyin buhunan da kilo 70, abin da ya fito shi ne adadin manyan mutanen da za ka ɗauka ba tare da kaya ba, kai da yaron jirgi a ciki. Ka rubuta wannan adadi da fenti a gaban jirgin inda kowa zai gani. Idan jami'an hukuma suka duba jirgin suka ba ka adadin da ya gaza naka, nasu za ka bi.

Daga nan sai takardu. Hukumar NIWA, wadda aka kafa a 1997 kuma hedikwatarta take Lakwaja, ita ce take rajistar jirage da ba da izinin aiki a hanyoyin ruwa na cikin gida, saboda haka ka nemi ofishinta mafi kusa da kai, ka yi rajistar jirgin, ka nemi lasisin matuƙi. Dokokinta guda biyu su ne ginshiƙin sana'arka: kowane fasinja ya sa rigar kariya mai hana nutsewa, kuma babu tafiya daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 6 na safe. Bayan hukuma, ka je ka gaida Sarkin Ruwa da shugabannin ƙungiyar masu jirage na tashar da za ka riƙa tashi, ka biya abin da ake biya. Wanda ya tsallake su don yana ganin shata kawai yake yi, ranar da injinsa ya mutu a tsakiyar ruwa su ɗin ne zai kira su jawo shi. Rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, tana iya jira, sai lokacin da ka fara neman aiki daga ƙungiyoyin agaji ko ma'aikatan rigakafi masu buƙatar rasit.

A kan kayan aiki, rigunan kariya su kai adadin da ka rubuta a gaban jirgi, da ƙarin ƙanana na yara, domin rigar babba takan zame wa yaro ta kai da zarar ya faɗa ruwa. Kuɗinsu yana da nauyi ga mai farawa, na sani, amma gara ka fara da riguna goma ka ɗauki mutum goma da ka sayi na gwanjo waɗanda sosonsu ya mutu. Ka ajiye filafilai biyu, gora, anga da igiyarta, bokitin yashe ruwa, fitila, fulogi da farfela na ajiya, da waya a cikin leda. A inji kuwa ni Yamaha nake saye, saboda kowane makanike a bakin Neja ya san cikinsa kuma kayan gyaransa ba sa wahalar samu.

Yanzu ga wurin da nake so a tsaya da kyau, wato ciniki. Shatar da na fara ɗauka ta rakiyar amarya ce. Wakilin ango ya same ni, muka yi ciniki a kan gari da rana da kuɗi, ya ba da kafin alƙalami, muka rabu cikin mutunci. Da na tambaye shi yawan mutane ya ce 'yan rakiya ne kawai, ni kuma na ji kunyar matsa masa. Ranar tafiya na iske gaɓa cike da mata da yara sun ninka abin da jirgina yake ɗauka, ga gado da katifa da kwanuka da buhunan gara, ga babura biyu. Da na ce ba za su shiga gaba ɗaya ba, aka taso mini da cewa ai an biya kuɗin jirgi, dattawa suka sa baki, wata tsohuwa ta ce ba a raba amarya da danginta a kan hanya. A ƙarshe na yi sawu biyu a kan kuɗin sawu ɗaya, man da na ƙona ya cinye ribar har ya taɓa uwar kuɗi, sawu na biyu kuma ya kai ni dawowa bayan magariba, inda na daki kututture farfela ta karye. Allah ya tsare babu fasinja a lokacin. Laifin nawa ne tun ranar ciniki, domin na karɓi kuɗi kafin na faɗi sharaɗi.

Abin da nake yi tun daga ranar shi ne, ba na taɓa kuɗin kowa sai mun daidaita a kan abubuwa huɗu a gaban shaida: adadin mutane har da yara da na goye, irin kayan da za a ɗora, lokacin tashi, da lokacin da jirgi zai juyo. Ina rubuta su a takarda ko in tura masa a saƙon waya ya amsa. Babur ɗaya ina lissafa shi a matsayin mutum biyu, buhun masara mai kilo 100 kuma mutum ɗaya da rabi. Ina faɗa masa ƙarara cewa idan mutane suka haura adadi, sawu na biyu kuɗinsa daban ne, kuma ina yanka kuɗin tun a lokacin, domin a bakin ruwa cikin guɗa da kiɗa babu mai sauraron lissafi. Ina kuma neman ya ba ni mutum ɗaya daga cikinsu, dattijo mai faɗa a ji, wanda zai tsaya tare da ni a gaɓa yana ƙirga masu shiga yana miƙa musu riguna. Wannan dabara ta fi duk sauran amfani, saboda mutane sukan yi gardama da matuƙi amma ba sa yi da kawunsu.

Lokacin juyowa ma sai an kafe a kansa. Biki da ta'aziyya ba sa ƙarewa a kan lokaci, mai shata kuma zai riƙa cewa a ƙara haƙuri kaɗan har rana ta faɗi. Ka lissafa tsawon tafiyar, ka ƙara awa ɗaya, ka cire daga ƙarfe 6, wannan shi ne lokacin juyowarka, kuma wanda bai fito ba ya kwana ka dawo ka ɗauke shi da safe a kan kuɗin da kuka ajiye. Mutanen da suka nutse a Patigi ta jihar Kwara a watan Yunin 2023, su fiye da 100, daga biki suke dawowa cikin dare a jirgin da aka cika maƙil. Hatsarin Warra na watan Mayun 2021 da na Bagwai a jihar Kano a ƙarshen Nuwamban wannan shekara, wanda ya ci ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi, duk an danganta su da lodin da ya wuce ƙima. Idan mai shata ya ji waɗannan sharuɗɗa ya ce sun yi tsauri, ka sallame shi cikin girmamawa ya nemi wani.

Wajen yanka farashi, kuskuren da aka fi yi shi ne lissafa man zuwa kawai. Ka gwada da kanka lita nawa injinka yake sha zuwa kowane garin da kake zuwa, da lodi, a hawa da gangara, domin tafiya gaba da ruwa ta fi shan mai nesa ba kusa ba. Ka haɗa da baƙin man da ake gaurayawa, da sawun da za ka yi babu kowa, da awannin jira, da sallamar yaron jirgi, da kuɗin tasha, sannan ka ware wani kaso na gyaran inji kafin ka kira sauran riba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 farashi ba ya zama wuri ɗaya, saboda haka idan shatar ta wuce mako guda a gaba, ka ce kuɗin mai sai ranar tafiya. Kafin alƙalami ya zama ya isa sayen man tafiyar gaba ɗaya. Man da za ka ɗauka kuma ka kasa shi uku: kashi ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa, ɗaya na ko-ta-kwana.

Hanya kuwa tana sauyawa da lokaci. An kammala madatsar Kainji a 1968, kuma har yau kututturan itatuwan da ruwa ya shanye suna nan a ƙasa. Daga bazara zuwa farkon damina, lokacin da tafkin yake ja baya, sukan matso kusa da sama tare da tudun yashi, a daidai lokacin da iskar hadari take tasowa ba sallama. Da hunturu kuma hazo yakan rufe gaɓa. Duk hanyar da ba ka taɓa bi ba, ka ɗauki Basarke, wato ɗan Sarkawa masu sana'ar su, ko wani tsohon masunci na yankin ka biya shi ya nuna maka, ka bi ta babu fasinja sau ɗaya kafin ka karɓi shata a kanta.

Neman abokan ciniki ba shi da wuya. Ka rubuta lambar wayarka a jikin jirgi, ka bar ta wurin dillalan kifi da 'yan kasuwar hatsi da masu unguwannin ƙauyukan gaɓa, ka kuma sanar da asibitocin karkara cewa kana ɗaukar masu rigakafi. Ka riƙe littafi kana rubuta kowace tafiya da man da ta ci da abin da ya saura. Bayan kowane sawu ka yashe ruwa, ka duba yoyo ka toshe da kwalta, ka shanya rigunan a inuwa, ka ƙirga su kafin fasinja na ƙarshe ya bar gaɓa, domin yara sukan tafi gida da su a jiki.