Yadda ake sauya wa kifi ruwa ba tare da an yi asara ba

Koken da aka fi ji daga masu kiwon kifi a gida, ko tarwada ce a tankin tampol a Kura da Bunkure da Ringim, ko kifin ado a akwatin gilashi a falo, shi ne: "Jiya na sauya musu ruwa, yau na wayi gari sun mutu." Mai kiwon yakan zargi abinci ko wanda ya sayar masa da 'ya'yan kifin. Amma idan mutuwar ta zo cikin awa 24 bayan sauyin, kuma ta ɗauki kifi da yawa a lokaci guda, sabon ruwan ne abin tuhuma na farko. Cuta ba ta cika kisa haka ba. Ita ɗaya-biyu take ɗauka, kwana bayan kwana.

Abin da ke cikin ruwan famfo

Matatun ruwa irin na Tamburawa da Challawa da Watari suna zuba kulorin domin kashe ƙwayoyin cuta, kuma hakan daidai ne ga ɗan Adam. Ana son ya iso bakin famfo da saura kamar miligiram 0.2 zuwa 0.5 a kowace lita, wani lokaci ya kai 1 ko 2 idan gidan yana kusa da matata. Mutum zai sha wannan lafiya lau. Kifi kuwa a cikin ruwan yake numfashi, ta jan naman nan mai kama da mataji da ke ƙarƙashin kumatunsa. Kulorin yana ƙona wannan naman, ya kumbura, majina ta rufe shi, sai kifin ya shaƙe alhali ruwan cike yake da iska. Miligiram 0.1 a lita ma ya isa ya yi wa ƙananan kifi illa.

Wanda yake ƙauye kada ya ce shi ba ruwansa da famfo. Da damina, idan amai da gudawa ya ɓulla, ana zuba kulorin a rijiyoyi da tankunan unguwa, kuma adadin da ake zubawa yakan fi na famfo nesa ba kusa ba. Gidaje da yawa kuma suna sa WaterGuard ko ƙwayar Aquatabs a randa. Duk jirgi ɗaya ne ya kwaso su. Kafin a ɗebi ruwa daga wani wuri a tambaya ko an sa masa magani kwanan nan.

Akwai wani abu da ke ƙara dagula lamarin. Tsohon ruwan tanki yana da amoniya, wani sinadari mai dafi ga kifi da ke fitowa daga kashin kifi da ragowar abinci. Idan aka saki famfo kai tsaye cikinsa, kulorin yana haɗuwa da amoniyar ya zama kuloramin, wanda ba ya tashi da wuri, kuma yana ratsawa cikin jinin kifi ya hana shi ɗaukar iska. Shi ya sa wanda ya ce "ai kaɗan na ƙara" yakan ga kifinsa na mutuwa har kwana biyu.

Mataki na farko: a san yawan ruwan

Duk wani awo da zai biyo baya ya dogara da wannan. A auna tsawo da faɗi da zurfin ruwan (ba na tankin ba) da mita, a ninka su, sannan a ninka da 1,000. Tanki mai mita 2 da mita 2, ruwa ya kai zurfin mita 0.75, lita 3,000 ke nan. Akwatin gilashi kuma da santimita ake aunawa a raba da 1,000: 60 da 30 da 30 ya ba da lita 54.

Mataki na biyu: a kwantar da sabon ruwa

Wannan shi ne ginshiƙin aikin. Ana buƙatar mazubi na daban, durom ko tanki, wanda ba a taɓa sa fetur ko maganin feshi ko sabulu a cikinsa ba. A cika shi, a bar bakinsa a buɗe, ya yi awa 24 zuwa 48. Faɗin baki ya fi zurfi amfani, domin ta saman ruwa kulorin ke fita. Jarka mai ƙaramin baki a rufe za ta kwana uku kulorinta na nan. Idan akwai injin hura iska a sa dutsen da ke bakin tiyonsa, mai fitar da kumfa, a ciki, aikin zai ragu zuwa kwana ɗaya. Idan babu wuta, a riƙa kamfatar ruwan da bokiti ana kwararo shi daga sama, sau goma sha, safe da yamma. Rana ma tana taimakawa wajen karya kulorin, sai dai tana ɗumama ruwan, don haka a bar shi ya huce.

Hanci ba ma'auni ba ne. Ruwa zai daina warin kulorin alhali akwai saura da zai kashe kifi. Wanda yake da jari mai yawa a tanki ya nemi ƙwayar gwaji ta DPD a shagunan kayan kiwon kifi ko na sinadarai a cikin Kano. Ana jefa ta a ɗan ruwa, idan ya yi ruwan hoda akwai kulorin. Akwai mai gwada kulorin zalla, akwai mai gwada shi haɗe da kuloramin, to a sayi mai haɗawar. Idan bayan kwana biyu ana kaɗa ruwa har yanzu launin na fitowa, kuloramin ne, kuma jira ba ya maganinsa sai sinadari.

Idan ba za a iya jira ba

Akwai hanya uku, kuma dukkansu a cikin durom ake yinsu kafin ruwan ya taɓa kifi.

Sodiyom tayosalfet, wani farin sinadari mai kama da ƙanƙara, shi ne mafi arha ga mai babban tanki. Giram 7 yana kashe kulorin miligiram 1 a lita cikin ruwa lita 1,000. Wanda ba shi da abin gwaji ya ƙaddara ruwansa na da miligiram 2, ya sa giram 14 zuwa 15. Ga mai akwatin gilashi, ya narkar da giram 100 a lita ɗaya ta ruwa ya ajiye a kwalba, ya riƙa ɗiba da sirinji: mililita 3 ga jarka mai lita 20. Cikin 'yan mintuna yake gama aiki, kuma ɗan abin da ya wuce awo ba ya cutarwa.

Na biyu bitamin C ne, farar ƙwayar nan mai miligiram 100 da ake samu a kowane kemis. Ƙwaya ɗaya a daka ta, ta ishi jarka ɗaya mai lita 20. Lita 1,000 kuma giram 5. A guji mai zaƙi da mai tafasa a ruwa, kuma kada a zabga, domin idan ya yi yawa yana sa ruwa tsami yana kuma cinye iskarsa.

Na uku shi ne ruwan magani na kwalba da masu sayar da kifin ado ke kawowa. A bi awon da ke jikin kwalbar. Amfaninsa shi ne wasu daga ciki suna ɗaure amoniyar da ke saura bayan an karya kuloramin, abin da tayosalfet ba ya yi.

Gishiri ba ya cire kulorin, alam ma haka. Alam datti yake kwantarwa, kuma yana sa ruwa tsami, don haka a nisanta shi da ruwan kifi.

Masu burtsatse da rijiya

Ruwan burtsatse ba shi da kulorin amma yana da nasa halin. Daga ƙarƙashin ƙasa yake fitowa, iskar oksijin ɗinsa kaɗan ce ƙwarai, gurɓatacciyar iska kuma ta yi masa yawa. Babbar tarwada takan jure, don tana da wata gaɓa a kai da take shaƙar iskar sama da ita, shi ya sa ake ganin tana tasowa tana haɗiya. Karfasa da yawancin kifin ado da 'ya'yan tarwada 'yan makonni ba su da wannan gatan. Maganin shi ne kada a nutsa bakin tiyo cikin tanki. A huda bututu ramuka-ramuka a ɗora shi sama, ruwan ya riƙa zuba kamar yayyafi, ko a sa ya faɗo kan kwando ya tarwatse.

A ɗebi ruwan a farin bokiti a ajiye shi ya kwana. Idan ya koma ja-ja ko ya bar tsatsa a ƙasa, ƙarfe gare shi, kuma wannan tsatsar a kan naman numfashin kifi za ta kwanta in ba a bar ta ta kwanta a durom ba. Irin wannan ruwa sai ya kwana, a tsiyaye na sama a zubar da na ƙasa. Idan yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, a kaɗa shi har warin ya ɓace sarai. Idan kuma ƙananan kumfa suka lulluɓe jikin gilashi ko bokiti bayan an zuba, mai yiwuwa injin jan ruwa yana zuƙar iska ta wata kafa. Wannan iskar tana shiga jinin kifi ta yi kumfa a ido da fiffike, don haka shi ma a bar shi ya huta.

Mataki na uku: a daidaita zafi

Tarwada da karfasa sun fi jin daɗi tsakanin digiri 26 da 30. Bambancin sabon ruwa da tsoho kada ya wuce digiri 2, iyaka 3. A nan ne baƙin tankin roba na sama ke yin ɓarna: da azahar a watan Afrilu ruwan cikinsa da na bututun da ke kwance a rana yakan yi zafin da hannu ma zai ji. Da hunturu kuma, Disamba da Janairu, durom ɗin da ya kwana a waje yana yin sanyi ƙarara da asuba. Da bazara a yi sauyi da sassafe, da hunturu a bari sai hantsi ya ɗaga. Ma'aunin zafi na gilashi ba shi da tsada. Wanda ba shi da shi ya sa hannu ɗaya a nan ɗaya a can, in har ya ji bambanci to ya yi yawa.

Mataki na huɗu: sauyin kansa

Kada a ba kifi abinci awa uku ko huɗu kafin a fara. Kifin da cikinsa ke cike ya fi buƙatar iska, kuma tarwada takan amayar da abinci idan ta firgita, ta ɓata sabon ruwan.

A janye ruwa daga ƙasa, inda kashin kifi ya taru. A akwatin gilashi kashi ɗaya cikin huɗu a mako ya isa. A tankin tarwada kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi, duk kwana biyu ko uku, gwargwadon girman kifi da cunkosonsu. A zuba sabon a hankali, kamar minti 30 zuwa awa ɗaya ga babban tanki.

Wanda ya yi sakaci har ruwa ya daɗe ya yi baƙi yana wari, shi ne ya fi kowa buƙatar haƙuri, kuma shi ne ya fi kowa gaggawar zubar da shi duka. Ruwan da ya daɗe yakan yi tsami, ma'aunin tsamin ruwa da ake kira pH ya sauka zuwa 6 ko ƙasa, kuma a cikin tsamin nan amoniya tana kwance ba ta da dafi sosai. Da an kwararo sabon ruwa mai pH 7.5 ko 8, sai amoniyar da ta rage ta farka ta zama dafi, ga kuma girgizar sauyin da kifin bai shirya mata ba. A irin wannan hali kashi ɗaya cikin biyar ake cirewa kullum, har kwana huɗu ko biyar, sannan a koma tsarin da aka saba.

Mai akwatin gilashi ya kula da soson matacinsa. Dattin nan mai ruwan ƙasa da ke jikinsa gidan ƙwayoyin halitta ne masu cinye amoniya. A wanke shi a bokitin tsohon ruwan da aka cire, matsa biyu ko uku kawai. Idan aka kai shi bakin famfo kulorin zai kashe su, kifi ya tsira ranar sauyi, sannan ya fara mutuwa bayan kwana uku zuwa mako, kuma sai an yi makonni huɗu zuwa shida kafin su dawo. Haka tsakuwar ƙasa, ba a kwashe ta a wanke da Omo.

Idan an riga an zuba, kifi ya fara nuna alama

Alamomin su ne kifi ya taru a sama yana haki, ko ya riƙa zabura yana neman tsallakewa waje, ko tarwada ta tsaya a tsaye kanta a sama ba ta motsi. Jiki yakan yi farin yauƙi, naman numfashi ya koɗe.

A rufe famfo nan take. A narkar da tayosalfet ko bitamin C da awon ruwan tankin gaba ɗaya a watsa ko'ina. A ƙara iska ta kowace hanya, ko da kamfata da bokiti ne. Bayan haka a sa gishiri giram 1 zuwa 2 a kowace lita, wato kilo 1 zuwa 2 a lita 1,000, a narkar da shi tukuna. Yana rage wa kifin da namansa ya ƙone wahala. A tsame matattu, a dakatar da abinci kwana ɗaya ko biyu. Kada a zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta na kafso, ba cuta ba ce, kuma zai ƙara ɓata ruwan.

Idan kifi na juyawa kamar mai farfaɗiya, jiki na karkarwa, kuma maganin kulorin bai sauya komai ba, a binciki mazubi. Jarkar ɗan garuwa da ta taɓa ɗaukar kananzir, bokitin da aka haɗa maganin feshin wake ko tumatir a ciki, fiya-fiya da aka fesa a ɗakin da akwatin yake, ko Hypo da ya rage a soso, kowanne ɗigo kaɗan ya isa. Nan sai a kwashe masu rai a mayar da su wani mazubi mai kwantaccen ruwa. Waɗanda suka mutu ta wannan hanya a binne su, kada a ci, kada a sayar, kada a jefa wa kaji.

Sabon tankin siminti kuma yana fitar da sinadarin da ke ɗaga pH har ya ƙona fatar kifi duk lokacin da aka cika shi. A jiƙa shi mako biyu zuwa uku ana zubar da ruwan duk bayan 'yan kwanaki, sannan a gwada da kifi biyar su yi kwana biyu a ciki kafin a zuba sauran.