Idan Hilal ko Merrikh ta aiko neman ɗanka

A garuruwan Sudan irin su Gadarif, Kasala, Madani ko Mai Wurno, lokacin tasjilat, wato rajistar 'yan wasan ƙwallo, ake gane gidan da ke da yaro mai ƙafa. Wannan ya yi sallama ya ce Hilal ce ta aiko shi, wancan ya ce Merrikh, wato manyan ƙungiyoyin ƙwallon ƙasar biyu, wani ya zo da maganar Libiya ko Saudiyya. Kocin unguwa da ya raini yaron yana kiran a yi halacci, mutanen gida kuma suna duban halin da yaƙi ya jefa kowa tun Afrilun 2023. Kai uba ko kawu da maganar ke hannunka, kana iya sallamar yaro ya ci gaba ba tare da an ci amanar kowa ba, muddin ka bi abin daki-daki.

Fara da shekarunsa. Dokar FIFA ta hana kai ɗan wasa wata ƙasa kafin ya cika 18, sai a 'yan yanayi kaɗan, kamar iyaye su yi ƙaura don dalilin da ba ƙwallo ba. Duk wanda ya ce zai fitar da yaro ɗan 16 da bizar Umra ko ta ziyara a gyara takardu daga baya, rufe masa ƙofa. Ba za a yi wa yaron rajista ba, biza ta ƙare, ya koma zaman ɓoyo. Wanda bai kai 18 ba kuma ba a ɗaure shi da kwantiragin da ya wuce shekara 3. Babba ma iyakarsa shekara 5.

Sai ka duba takardar da ke tsakaninsa da ƙungiyarsa ta yanzu. In yana da kwantiragi, ba shi da ikon ƙulla wani sai saura wata 6 ko ƙasa da haka ya ƙare. Kafin nan, babbar ƙungiya za ta rubuto wa ƙaramar tukuna. Nan ne yara ke faɗawa rami: a ba shi kuɗi a hannu, a ɓoye shi a wani gida har ranar rajista, ya sa hannu wuri biyu. Karya kwantiragi ba dalili a shekaru 3 na farko yana iya jawo dakatarwar wata 4, ga biyan diyya a kai.

Abin da ya fi albashi nauyi shi ne, zai buga kuwa? Ƙirga mutum nawa ne a gurbinsa, nawa ne baƙi da aka sayo da dala, sannan yara nawa 'yan ƙasa da 21 kocin ya saka a kakar da ta wuce. Ɗan shekara 19 da ke buga wasa 25 a Hayyul Arab ta Bur Sudan ko Ahli Madani ya fi wanda ke zaman benci a Hilal daraja bayan shekara biyu, ko da albashin wancan ya ninka nasa. Ka kuma tuna manyan biyun sun yi kakar 2024/25 a gasar Muritaniya, daga baya suka koma Ruwanda, wato yaron yana iya yin nesa da gida. In ana son sa da gaske amma gurbi a cike yake, nemi a saye shi a bar shi aro kaka ɗaya a inda yake. Ƙaramar ƙungiya ba ta rasa shi farat ɗaya ba, shi ma bai rasa fili ba.

Wajen kuɗi, kada adadin da aka faɗa da baki ya ruɗe ka. A rubuta kuɗin sa hannu da ranar biyan kowane kaso, albashin wata, ladan cin wasa, masauki, tikitin zuwa gida, da wanda zai ɗauki nauyin jinya in ya ji rauni. Jine, kuɗin Sudan, yana faɗuwa, don haka kwantiragin shekara 3 ba tare da ƙarin albashi duk shekara ba asara ce. A riƙa biya ta banki ko manhajar tura kuɗi ta Bankak domin a sami shaida, yaro kuma ya riƙe kwafinsa mai sa hannu da hatimi. In an riƙe masa albashin wata 2, ya rubuta takardar gargaɗi ya ba da kwana 15, daga nan doka ta ba shi damar tafiya. Wakili kuwa ya nuna lasisin FIFA, yarjejeniya da shi kada ta wuce shekara 2, kuma kada a sayar masa da wani kaso na kuɗin cinikin yaron nan gaba, an haramta hakan tun 2015.

Masu cewa halacci shi ne a zauna har abada su tuna Haisam Mustafa: ya yi wa Hilal wasa tun 1995, ya daɗe yana kyaftin, amma a ƙarshen 2012 aka rabu ya koma Merrikh. Haƙƙin waɗanda suka raini yaro a takarda ake tsare shi. Ka tsaya sai an saka sharaɗin cewa in an sake sayar da shi, ƙaramar ƙungiya tana da kaso, galibi 10 zuwa 20 cikin ɗari. In cinikin na ƙetare ne, FIFA na ware kashi 5 cikin ɗari na kuɗin ga ƙungiyoyin da suka horar da shi daga shekara 12 zuwa 23, ban da diyyar horarwa. Sai dai ƙungiyar da ta yi masa rajista a hukumance kaɗai ke samu. Don haka kafin ya tafi, ku je ofishin hukumar ƙwallo ta yankinku da kocin nasa, a tabbatar an shigar da sunan kowace ƙungiya da shekarun da ya yi a cikinta, kuma ranar haihuwar da ke katinsa ta yi daidai da ta fasfo.