Ba kutse aka yi maka ba, kai ka miƙa mabuɗin

Duk mai harkar waya a Sakkwato, ko gyara yake yi ko saye da sayarwa, ya gaji da jin magana ɗaya: "An yi mini kutse a akawun." In ka zaunar da mai kukan ka bi diddigi, da wuya ka tarar da wani gwanin kwamfuta a bayan lamarin. Kusan kullum mai akawun ne ya miƙa mabuɗin da hannunsa, wani lokacin har da godiya. Kuma kurakuran ba sa canzawa, fuskokin masu yin su ne kawai ke canzawa.

Na farkonsu tun ranar sayen waya ake yin sa. Mutum ya biya kuɗinsa, ya miƙa wa yaron shago ya ce "saita mini komai." Yaro ya buɗe masa Gmail, ya sa kalmar sirrin da ta zo masa a kai, galibi lambar wayar mai ita. Ya buɗe Facebook da wani layi da ke aljihunsa don ya yi sauri. Mai waya ya koma Mabera ko Arkilla yana murna, bai san sunan imel ɗinsa ba balle kalmar sirrinta.

Facebook bai san fuskarka ba, bai san kai ɗan gidan wane ne ba. Abin da ya sani shi ne lambar waya da imel ɗin da ke jikin akawun. Duk ranar da aka ce an manta kalmar sirri, can zai tura lambobin maido da ita. Wanda ke riƙe da layin nan shi ne mai akawun a wurinsu, ko da hotunan cikinsa duk naka ne. Na Google ya fi ma haɗari, don a cikinsa lambobin mutanenka suke, da hotunan da waya ke kwafewa da kanta, da ajiyar hirarrakin WhatsApp. Da shi ake ganin inda wayar take, da shi ake goge ta daga nesa. In kuma aka yi wa wayar fulashin, tana tashi za ta nemi wannan akawun, in ba ka san shi ba ta zama dutse a hannunka.

Gyaran yana da jeri, kuma jerin ne mutane ke ɓatawa. Ka shiga saitin Facebook, wurin bayanan tuntuɓa. Ka fara ƙara lambarka da imel ɗinka, ka tabbatar da su da lambobin da za a turo. Bayan nan ka cire duk wata lamba ko imel da ba taka ba. Sannan ka canza kalmar sirri. A ƙarshe ka nemi wurin da ke nuna na'urorin da akawun yake buɗe a kansu, ka fitar da kowa. Wanda ya canza kalmar sirri ya bar lambar wani a ciki ya rufe ƙofa ne ya bar taga. Haka za ka yi wa Gmail. Ni dai ɗabi'ata ita ce rubuta kalmomin sirri a takarda, a ajiye a akwatin da ake ajiye takardun fili da na makaranta. Akwai masana da ba su yarda da haka ba. Amma a ganina wanda zai fasa akwatinka don takardar nan bai kai yawan waɗanda ke rasa akawun saboda mantuwa ba.

Sai wanda ya fi ci mini rai, lambobi shida na WhatsApp. Shekara da shekaru ana faɗa, har yau ana faɗawa. Kira zai shigo, murya mai ladabi: "Salamu alaikum Malam, daga guruf ɗinmu na tsofaffin ɗalibai ne. Za mu yi taro ta intanet bayan isha'i, an turo maka lambar shiga, karanto mini in sa sunanka." Wani ya ce tallafi ne, wani ya ce kuskure ya yi ya tura saƙonsa layinka. Abin da ya faru a zahiri shi ne ya buɗe WhatsApp a wayarsa ya rubuta lambarka. WhatsApp ya turo lambobin tabbatarwa zuwa layinka, don kai kaɗai ya kamata ka gan su. Kana karanta masa, akawun ya bar wayarka ya koma tasa.

Haba jama'a! A jikin saƙon an rubuta kada a ba kowa. Malamin makaranta ya bayar, ma'aikacin gwamnati ya bayar, ɗan kasuwar da ba ya ba da bashin naira ɗari sai da shaida shi ma ya bayar. Kunya ce ke kashe mu. An kira ka da Yallaɓai ko Hajiya, an ambaci sunan guruf ɗin da kake ciki, sai ka ga rashin kirki ne ka ce a'a. To ɓarawon ya san sunan guruf ɗin ne don jiya ya ƙwace akawun wani a cikinku, yana ganin lambobin kowa. Tsofaffin hirarrakinka ba za su bi shi ba, suna cikin wayarka. Abin da yake samu ya ishe shi: sunanka, hotonka, da duk guruf ɗin da kake. Kafin la'asar ƙanwarka da abokin kasuwancinka sun ga saƙo daga gare ka cewa manhajar bankinka ta ƙi aiki, a ranta maka dubu ashirin zuwa dare. Kuɗin mutane ne ke tafiya, mutuncinka ne ke biya.

In ya riga ya faru, kada ka tsaya jaje. Ka sake rajistar WhatsApp da lambarka nan take. Da ka sa sababbin lambobi shida da za su shigo layinka, an fitar da shi. Matsalar ita ce yawancinsu suna shiga suke kunna tabbatarwa mai mataki biyu su sa fin ɗinsu, wato lambar sirrin da WhatsApp zai nema bayan lambobi shidan, sai a ce ka jira kwana 7 kafin ka iya shiga. A kwanakin nan ka kira mutanenka da baki ka sanar da su. Rigakafin kuwa minti biyu ne: saiti, akawun, tabbatarwa mai mataki biyu, ka sa fin mai lamba shida, ka haɗa da imel ɗin da kai ke riƙe da ita. Kada fin ɗin ya zama shekarar haihuwarka ko ƙarshen lambar wayarka. Daga nan ka leƙa wurin na'urorin da aka haɗa. WhatsApp na barin a jona har na'ura huɗu da akawun ɗaya, kuma wanda ya ari wayarka a buɗe "zai yi kira" na iya jona tasa ya riƙa karanta saƙonninka daga ɗakinsa. Wannan ba baƙo ke yin sa ba, na gida ne. Abin da ba ka gane ba a jerin, fitar da shi.

Duk wannan a kan sim yake tsaye, amma sim ɗin ne ba a kullewa. Mutum ya sa wa waya zanen yatsa da kalmar sirri, ɓarawo ya fizge ta a Babbar Kasuwa, ya zare layin ya sa a ƙaramar waya. Ya danna *565*0# lambar BVN ta fito, ya danna *346# ta NIN ta fito, saƙonnin banki da na Facebook duk su riƙa zuwa hannunsa. A saitin tsaro na kowace waya akwai wurin kulle sim da fin. In ka yi kuskure sau uku zai nemi lambar PUK, wadda ke jikin katin da aka ɓallo layin, shi ya sa ba a yar da katin. Kuskure goma a PUK layin ya mutu, don haka kada a yi ta canki-canki. Ranar da waya ta ɓata, a fara da sanar da banki da yin walkam-bak, wato karɓo layinka a sabon sim, kafin a zauna jimamin kuɗin wayar.

Layin da aka yi watanni ba a taɓa ba kamfani na kashe shi ya sayar wa wani. Masu tsallakawa Ƙonni su daɗe, da masu tafiya karatu waje, su kiyaye. Sabon mai layin zai iya cewa ya manta kalmar sirri, Facebook ya turo masa. Kafin ka bar layi, ka cire shi daga Facebook da Gmail da banki, ka bi hanyar canza lamba da ke cikin WhatsApp.

Game da mallaka kuma, akwai rubutun da ke yawo lokaci-lokaci, wai ka kwafa ka liƙa a shafinka cewa ba ka ba Facebook izinin amfani da hotunanka ba. Ɓata lokaci ne. Izinin ka bayar da shi ranar da ka danna amincewa. Sharuɗɗansu sun ce hoton naka ne, amma ka ba su lasisin ajiye shi da kwafarsa da rarraba shi a ko'ina a duniya ba tare da sun biya ka ba, har ranar da aka goge shi daga rumbunsu. In ka nemi a goge akawun gaba ɗaya, akwai kwana 30 na canza shawara, kuma kammala gogewar na iya kai kwana 90. Ko an gama, abin da ka goge naka ne kaɗai. Wanda wani ya sauke ko ya ɗauki sikirinshot ɗinsa yana nan a wayarsa. Hoton "gani sau ɗaya" ma waya ta biyu na ɗaukarsa daga fuskar ta farko. 'Yan mata da samari su ji wannan da kyau: soyayya na ƙarewa, hoto ba ya ƙarewa.

Doka tana nan. A watan Yunin 2023 Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan 'yan Najeriya, wadda ta ba ka damar tambayar kamfani abin da ya tara a kanka, ka nemi a gyara ko a goge, ka kai ƙorafi hukumar kare bayanai ta NDPC. A Yulin 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220. Amma babu dokar da za ta zaro hoton matarka daga wayoyi ɗari biyar na guruf ɗin unguwa.

Tun da an zo nan, bayanan wasu ba naka ba ne. Ana biki a cikin gida, mata sun saki jiki don sun san su kaɗai ne, wata ta ɗaga waya ta zuba a TikTok. An je duba mara lafiya, an ɗauke shi a kan gado da ledar ruwa a hannu, an sa a sitatus wai neman addu'a. An sa hoton yaro da rigar makaranta, ga bajen makarantar ana karantawa. Wa ya tambaye su? Wasannin nan na "wane sarki kake kama da shi" su ma haka. Badaƙalar kamfanin Cambridge Analytica, wanda ya samu bayanan masu Facebook ba da izininsu ba, da ta fashe a 2018 daga irin wannan tambaya-da-amsa ta faro, 'yan dubu ɗaruruwa suka yi wasan, aka kwashi bayanan mutum kusan miliyan 87, yawancinsu abokan waɗanda suka yi ne.

Wurin mai gyara, a zare sim da memori kafin a miƙa waya. Canjin gilashi ko wurin caji ba ya buƙatar kalmar sirrinka. In gwaji zai yi, ka buɗe masa da kanka kana tsaye. Masu amana sun fi yawa a sana'ar, amma shago ba mutum ɗaya ke shigarsa ba. In sayar da wayar za ka yi, goge hotuna ɗaya-ɗaya bai isa ba, suna kwance a kwandon shara. Ka fita daga akawun Google, ka cire memori, sannan ka mayar da ita yadda ta fito daga kamfani.

Ragowar ƙanana ne, amma suna cizo. Wanda ya samu gurbi a Jami'ar Ɗanfodiyo ya faɗi da baki ya isa, ba sai ya liƙa takardar JAMB da lambar rajista da ranar haihuwa ba. Haka katin NIN, da bizar Umara, da tikitin jirgi, da alat mai nuna ragowar kuɗi. Wanda zai bi hanyar Isa ko Sabon Birni ba ya buƙatar a gaya masa dalilin da zai sa ya bari sai ya dawo kafin ya sa hoton tafiya. GBWhatsApp da ire-irensa ba na kamfanin ba ne, ba ka san wanda ya haɗa su ba, kuma ana rufe akawun WhatsApp saboda su. Linkin data kyauta da ya buɗe shafi mai kama da Facebook yana neman kalmar sirri, shafin ɓarayi ne. In ka shiga akawun a kwamfutar shagon intanet, ka fita kafin ka tashi. Manhajojin bashi da ke neman izinin ganin lambobin wayarka, da su za su kira surukinka ranar da ka makara. Google ya hana irinsu wannan izini tun 2023, shi ya sa wasu suka koma turo manhajar ta linki.

Jerin abokanka na Facebook kuma ka mayar da shi kai kaɗai ke gani. Hoton furofayil a fili yake ga kowa, ba ya ɓoyuwa. Mai son buɗe akawun bogi da sunanka hoton nan yake saukewa, sai ya bi jerin abokanka ɗaya bayan ɗaya yana tura musu buƙatar abota, ya ce tsohon akawun ne ya samu matsala. In ya tarar da jerin a rufe, bai san wa zai tura wa ba.