Gashin ɗawisu a kan ƙugiya: kurakuran da aka fi yi wajen ɗaurin ƙwaron kamun turuwit

Babu kifin turuwit a Gulbin Maraɗi, babu shi a tafkin Madarunfa. Kifin ruwan sanyi ne, na ƙoramun duwatsu irin na Turai da Amurka, mu kuwa sai tarwaɗa da karfasa. Ƙanena da ke zaune a gabashin Faransa ne ya jawo ni cikin sha'anin. Ya zo hutu, ya zauna a shagona na ɗinkin hula yana kallon yadda nake sarrafa zare, sai ya ce, "Yaya, ai wannan aikin hannunka ne." Ya zube mini ƙugiyoyi da ɗan mariƙin ƙarfe da ake danne su a ciki. Tun daga ranar nake ɗaura masa ƙwarin ƙarya, wato siffar ƙwaro da ake yi da gashin tsuntsu da zare a kan ƙugiya don a yaudari kifi. Yanzu yara biyu na koyo a wurina, kuma duk ɓarnar da na yi a farko ita suke maimaitawa, sai ka ce gado.

Abin da ake kwaikwaya wani ƙwaro ne da ke fitowa daga cikin ruwa, ya ɗan tsaya a samansa kafin ya tashi. Wanda ya taɓa ganin kifi na cafkar shinge bayan ruwan fari ya gane nufina. Dole abin ya tsaya bisa ruwa, jikinsa kuma ya fito gaɓa-gaɓa. Wannan gaɓar ana samunta ne daga sili guda na gashin ɗawisu da aka goge wa lallausan gashinsa. Mafi suna a irin wannan ɗauri shi ne Quill Gordon, na Theodore Gordon, wanda ya yi kamun kifinsa a duwatsun Katskil na Amurka. A 1890 wani gwanin wannan kamun kifi, Frederic Halford, ya aiko masa da samfura daga Ingila, shi kuma ya gyara su suka dace da ruwan ƙasarsa mai gudu.

Yawancin ɓarna tun kafin silin ya hau ƙugiya ake yinta. Yaro zai ciri sili daga gindin gashin, don ya fi tsawo. Wannan launinsa ɗaya ne, in ka naɗa sai jikin ya fito sumul, ba gaɓa. A cikin idon gashin ake cira, inda kowane sili yake da gefe mai duhu da gefe mai haske. Juya idon ka dubi bayansa: wanda ya fi fari-fari shi ya fi ba da zane. Alhamdu lillahi gashin ba ya mana wuya, wasu gidajen Alhazai na kiwon ɗawisu, in ya zubar sai a roƙi maigadi.

Sai gugar. Na ji ana cewa ruwan jabel na cinye lallausan gashin nan take, na tsoma ido guda cikin kwano, wani ya shigo karɓar hula muka tsaya ciniki. Ko da na waiwayo silin duk sun zama kamar ruɓaɓɓen zare, ka taɓa ya gutsure. Jabel na aiki, amma sai an tsarma shi da ruwa, a tsaya a kansa ana motsawa, gashin na zubewa a tsame, a ɗauraye da ruwan bikarbonat sannan da ruwa tsantsa. Ni dai na bar shi. Magogin fensir na 'yan lakwal ya ishe ni: in shimfiɗa silin a kan allo, in riƙa goga daga tsini zuwa gindi a hankali, gefe biyu. Yana cin lokaci, amma silin na fitowa da ƙarfinsa.

Babban abin da ke kayar da mu a nan shi ne bushewa. Masu koyarwa a intanet a ƙasashen laima suke, ba su san hunturun Maraɗi ba, lokacin da leɓe ke tsagewa, takarda ma ta yi ƙaras. Busasshen sili a irin wannan iska naɗi biyu zai yi ya tsage gida biyu. Yaron zai ɗago kai ya ce, "Maigida, gashin nan ba shi da kyau." Gashin lafiyarsa lau, ƙishirwa yake ji. Jiƙa shi da ruwa a kofin shayi ko da rabin sa'a ne, kuma kada ka tsamo goma ka jera a tebur, kafin ka kai ga na uku sun koma yadda suke. Ɗaya-ɗaya ake cirowa, ko a kwantar da su cikin jiƙaƙƙen ƙyalle. In kuwa da ƙashin gashin zakara kake yin jikin, shi ya fi taurin kai, gara ya kwana cikin ruwa.

Ko silin ya jiƙu, abin da ke ƙarƙashinsa shi zai nuna. Bangon da bai miƙe ba, yaɓe ba ya rufa masa asiri. Zaren teloli ya yi kauri, mai lamba 8/0 ake so. Ka riƙa warware murɗinsa ya kwanta ya baje, ka shimfiɗa shi daga wutsiya zuwa ƙirji yana ƙara kauri kaɗan-kaɗan, ba tudu ba kwari. Guntayen wutsiya kada a datse su a tsakiyar jiki, nan ne tudu ke fitowa. A bar su su bi tsawon ƙugiyar zuwa gindin fukafukai, a rufe da zare.

Silin ta sirirın kansa ake ɗaure shi, bayan an yanke tsinin da ba ya da ƙarfi, gefe mai duhu na kallon wutsiya. Kowane naɗi ya jingina da ɗan'uwansa. In ka ba da rata zare ya leƙo, in ka hau da yawa duhun ya ɓace.

Akwai wanda zai gama duk wannan ya manta cewa turuwit na da haƙora. Ƙanena ya taɓa aiko mini hoton wani da na ɗaura: kifi ɗaya ya kama, silin ya warware yana reto. Man farce mara launi ya wadatar, shafa ɗaya siririya da bakin allura, a bari ya bushe kafin a ci gaba. Masu lafta shi suna cike gaɓoɓin, su ƙara wa abin nauyi.

Gashin da ake naɗawa a wuya shi ke riƙe ƙwaron bisa ruwa, don haka na zakara ake sawa, mai tauri da sheƙi. Na kaza laushi gare shi, yana shan ruwa ya nutse. Tsawonsa ya kai faɗin bakin ƙugiya sau ɗaya da rabi, wutsiya kuma daidai tsawon sandar ƙugiya. Zakarunmu na gida gashinsu dogo ne, sun fi dacewa da ƙugiya mai lamba 10 ko 12. Mai son ƙaramar ƙugiya mai lamba 16 sai ya nemi wanda aka yi kiwo don wannan aikin. A kuma bar ɗan fili bayan idon ƙugiya, in an cushe shi ba inda za a zura igiya.

Kowanne aka gama, muna sakinsa a kan tebur. Ya kamata ya tsaya bisa wutsiya da tsinin gashin wuya, ƙugiya na ɗan shafar katako. Daga nan sai kwanon ruwa. Jiya ƙaramin yaron ya saki nasa ya kwanta ta gefe, ya sake saki ya sake kwantawa. Na miƙa masa reza ya kankare ƙugiyar tas, ya tsoma yatsa cikin kofin shayi ya ciro wani silin.