Kurakuran da masu haɗa tirelar fim ɗin ban tsoro suka ƙi dainawa

Na gaji da kallon tirelar fim ɗin ban tsoro, wato gajeren bidiyon tallar fim, da ke sa ni dariya. Mutum zai sha wahala a lokeshan, rana da sauro, ya zo kan tirela ya zazzage komai cikin minti uku: mayya ta fito, boka ya yi surkulle, jini ya zuba, malam ya zo ya yi ruƙiyya, an rabu lafiya. To me kuma ya rage a kalla? Yawancin masu haɗa tirela sun ɗauke ta wurin baje kolin sin ɗin da suka fi ci musu kuɗi, sun manta cewa ita ma labari ce, labarin da ake katsewa da gangan.

Tzvetan Todorov, masanin adabi ɗan Bulgariya da ya yi zamansa a Faransa, ya kasa tafiyar labari mataki biyar: ana zaune lafiya, wani abu ya dagula zaman, mutane su farga, su tashi neman gyara, sannan a samu sabon zama. Fim ne ke da haƙƙin biyar ɗin. Rabon tirela ukun farko ne, sai ɗan leƙe cikin na huɗu. Kusan duk ɓarnar da nake gani daga nan take tasowa: ko a tsallake na farko, ko a zarce har na biyar.

Bari in fara da wanda ya fi ƙona mini rai, wato nuna dodon. A littafinsa na 1970 kan labaran al'ajabi, Todorov ya ce ƙarfin irin wannan labari yana cikin kokwanto: abin da ke faruwa aikin aljanu ne, ko wani ɗan Adam ne ke shirya shi, ko kuwa jarumar labarin ce ta fara taɓuwa? Muddin mai kallo yana lilo tsakanin amsoshin nan, yana hannunka. Da zarar ka haska masa fuskar abin, ka warware masa, kuma kyauta. A shekarar dai Roland Barthes, masanin adabi ɗan Faransa, ya yi bayanin yadda labari ke riƙe mutum ta hanyar ɗaura tambaya da jinkirta amsarta. Tirela ba ta da wani jari da ya wuce wannan tambayar.

Na taɓa haɗa wa wani furodusa tirela, ban saka komai na mayyar ba sai inuwarta a jikin bango da sautin jan silifas a tsakar gida. Ya kalla, ya ɓata rai, ya ce: "Malam, ka san nawa na biya mai kwalliya? Sai an ga fuskar nan." Na yi magiya, na kawo hujja, ya ce kuɗinsa ne. Aka saka. Fuska ce da aka shafe da farar hoda, an zizara baƙin kwalli har kumatu, ga haƙoran roba da suka ɗan karkace. A cikin fim ɗin, bayan awa guda ana tara fargaba, da ƙila ta wuce. A tirela kuwa, a waya, da rana tsaka, mutane suka tsayar da bidiyon a kanta, suka ɗauki hoton suna tsokanar juna da shi a WhatsApp. Fim ɗin bai farfaɗo ba, ni kuma aka riƙa nuna ni a matsayin editan da ya haɗa abin dariya. Har yau in na tuna sai raina ya sosu.

Ku da kuke cewa rashin kuɗi ne ya hana dodonku ban tsoro, ku tuna da fim ɗin Jaws na 1975. Kifin ƙarfen da aka ƙera wa daraktansa, Steven Spielberg, ya yi ta lalacewa a ruwan teku, dole ta sa ya ɓoye shi a mafi yawan fim ɗin, kiɗa da motsin ruwa suka yi aikin. Ɓoyewar ce ta tsorata duniya. Kai da ba ka da ko rabin kayan aikinsa, me ya kai ka haska fuskar roba? Nawa tsarin shi ne: kafin in taɓa komai, ina ware sulusin ƙarshe na fim ɗin in ajiye a wani wuri daban a kwamfuta, ba na buɗe shi sai an gama tirela. Wasu editoci suna ganin wannan tsanani ne, suna cewa a can ne hotuna masu kyau suke. Gaskiya ne. A can ma masu tallar Quarantine na 2008 suka ɗebo hoton ƙarshe na fim ɗin, inda ake jan jarumar cikin duhu, suka saka a tirela, mutane suka shiga sinima sun riga sun san makomarta.

Kuskure na biyu kishiyar na farko ne, kuma yara masu zafin hannu ne suka fi yin sa: buɗe tirela da ihu. Sakan na farko ƙara, na biyu gudu, na uku wuƙa. Wa ake bi? Ban sani ba. Me zai rasa in aka kama shi? Oho. Ba wanda ke jin tsoro saboda mutumin da bai sani ba. Sai ka ba ni zaman lafiyar tukuna, ko na sakan ashirin ne, kafin ka dagula shi.

Nan ne Vladimir Propp yake da amfani. A 1928 ya fitar da nazarinsa kan tatsuniyoyin Rasha guda 100, ya ce matakai 31 ne suke maimaituwa a cikinsu, kuma tun a farko-farko akwai biyu da ke tafiya tare: a yi hani, sannan a karya hanin. Wanda ya taso yana jin tatsuniya a gaban kaka ba sai an fassara masa wannan ba. An ce wa yarinya kada ta je rafi ita kaɗai, kowa ya san za ta je, kuma kowa ya san dodo na can. Abin takaici, muna da irin wannan hani jibge a al'adarmu, amma masu tirela sun bar shi suna kwaikwayon gidajen katako na Amurka. Ka gwada wannan: amarya ta tare a tsohon gida, tana tace taliya da magariba. Tsohuwar gidan ta leƙo ta ce, "'Yar nan, kada ki zubar da ruwan zafi a bakin magudanar can." Amarya ta ce to, ta yi murmushi. Tsohuwa ta juya. Ruwa ya sauka, tururi ya tashi. Shiru. Sai kukan jariri daga inda babu jariri. Ba ka nuna komai ba, ba ka kashe ko sisi kan kwalliya ba, amma duk Bahaushen da ya kalla ya san 'ya'yan wa aka ƙona.

Shahararren darakta Alfred Hitchcock ya faɗa wa takwaransa François Truffaut abu makamancin haka a hirarsu ta 1962: in bam ya tashi a ƙarƙashin tebur ba zato, ka ba 'yan kallo firgici na sakan 15, in ka nuna musu bam ɗin tun farko suka zauna suna kallon mutane na hira a kansa, ka ba su fargaba ta minti 15. Hanin tsohuwa shi ne bam ɗinka.

Na san abin da za ku ce: a YouTube sakan biyar kawai ake ba talla kafin a tsallake ta. Haka ne. Ni abin da nake yi, ina saka abu guda da bai zauna daidai ba a cikin sakan biyar ɗin, ƙofa da ta motsa ba iska, ko yaro da ke gaida wanda ba mu gani, sannan in koma zaman lafiya. Wannan ya ishe shi ƙugiya.

Sauran kuma ƙanana ne, amma suna da ban haushi. Ƙarar "dum!" a kan kowane yanka: ta farko tana firgitarwa, ta huɗu tana sa a rage sauti, ni sau ɗaya nake yarda da ita, kuma sai bayan shiru. Jera sin ɗin yadda suka zo a fim, alhali tirela tana da 'yancin sauya musu wuri don mai kallo ya kasa lissafa wa zai mutu. Murya mai kauri da ke bayyana abin da ido ke gani. Waƙar soyayya a tsakiyar tirelar maita, don kawai an biya mawaƙi, haba jama'a. Rubutu a allo da kuskuren ƙa'ida, ƙofa ta koma kofa. Jero sunayen jarumai goma sha kafin a ga komai. Duhun da ba a gwada a ƙaramar waya ba, sai mai kallo ya ga fuskarsa kawai a gilashi.

Sai tsawo. A sinimomin Amurka an daɗe ana tsayar da tirela a minti biyu da rabi, ni kuwa ba na wuce minti ɗaya da rabi, domin duk abin da ya haura haka na lura daga mataki na huɗu da na biyar ake ɗebo shi.

Akwai kuma masu wuce gona da iri wajen ɓoyewa har su koma ƙarya. It Comes at Night na 2017 an tallata shi kamar wani abu zai fito daga daji da dare, alhali labarin zargi ne da rashin yarda tsakanin iyalai biyu a gida ɗaya. 'Yan kallo suka fito a fusace, suka ba shi makin D, maki mai rauni ƙwarai, a ƙuri'ar CinemaScore da ke jin ra'ayin 'yan kallo a sinima. In fim ɗinka na kishiya ce da ke shirya wa amarya makirci, kana iya barin mu cikin kokwanton ko aljanu ne, tunda su ma mutanen cikin labarin haka suke zato. Amma kada ka je ka ɗauko sin ɗin mafarki guda ɗaya da ke da fatalwa ka gina tirelar gaba ɗaya a kansa.